Dutsen Bakin Ƙofa

Makullin gidan Sedlak a hannuna yake.
Asabar da Lahadi nake buɗewa,
dala biyu kuɗin shiga, yara kyauta.
In ba kowa, ni da zanzaro mu sha hira.

Garinmu mutum ɗari uku ne da 'yan kai,
can tsakiyar Nebraska, inda iska ba ta hutu.
Coci ɗaya, rumbun hatsi ɗaya da ya fi cocin tsayi.
Jirgin ƙasa ya daina tsayawa tun ina goye.
Amma muna da allon tagulla a jikin shinge:
"Nan ɗan Adam ya fara zama a kwarin nan."

Bohumil, kakan mahaifiyata, daga Bohemiya ya taso
da garma, da gatari, da bashin kuɗin jirgin ruwa.
Hukuma ta ce: ga eka ɗari da sittin,
shekara biyar in ba ka gudu ba, ta zama taka.
Ya dubi gabas, ciyawa.
Ya dubi yamma, ciyawa.
Ko reshen da zai rataye hula babu.
Sai ya yanki ƙasa da saiwarta kamar mai yankan sabulu,
ya jera, ya ɗora, ya kira abin gida.

Ludmila ta ɗaura zanen gado ƙarƙashin rufi
don kada maciji ya faɗo a miya.
Da busasshen kashin shanu ta yi girki;
ƙyama ta ƙoshi ce, in ji ta.
Shekara ta biyu fara ta rufe rana,
ta cinye masara, ta bi albasa har cikin rami,
ta ɗanɗana rigar da aka shanya.
Maƙwabta uku suka ɗaure kaya.
Shi taurin kai ya zaunar da shi, ko rashin kuɗin komawa,
ban sani ba. A allo an rubuta "jarumta".

Ku matso ku ga jikin ƙyauren nan.
Duk kaka da wuƙa yake auna 'ya'yansa:
Hynek, Otakar, Zdenka.
Zanen mazan ya hau har ya wuce sakata.
Na Zdenka a ƙuguna ya tsaya.
Gari ya waye da ɗumi a tsakiyar hunturu,
ta tafi makaranta ba rigar sanyi.
Kafin rana ta karkata ƙanƙara ta sauko da guguwa,
fari fat, mutum ba ya ganin tafinsa.
Bayan kwana uku aka same ta,
taku arba'in daga rijiya.

A nan baƙi kan yi shiru.
Wani ya share ido, wata ta ɗauki hoto,
su fita, su taka dutsen bakin ƙofa.
Ba mai duban ƙasa.

Ni ma sai da na yi furfura na duba.
Ina shara bayan ruwan dare
na ga ruwa ya kwanta a cikinsa, kamar a tafin hannu.
Ba takalmi ne ya ci shi ba.
Dutsen niƙa ne.
Garmar Bohumil ta tono shi, ya ga ya yi daidai da ƙofa.
Shekara nawa mace take durƙuso
kafin dutse ya yi mata kwarmi haka?
'Yar Pawnee ce, masararta a gefen kogin nan take,
har aka kora danginta kudu.
Ba ta bar suna a ƙyaure ba.
Ban san 'ya'ya nawa ta auna ba, ko wanne ya tsaya a ƙugu.

Na kai maganar allo gaban majalisar gari.
Delbert mai shagon taki ya ce tagulla ta yi tsada,
a bari sai baɗi. Baɗi bakwai ke nan.

To, bakina dai ba na tagulla ba ne.
Duk wanda ya biya dala biyu
sai ya ji labarin Zdenka, don jinina ce,
in ya zo fita kuma na riƙe masa hannu:
Tsallaka, bawan Allah, kada ka taka.
Madafin wata ne.